Kwanakin Jira Kafin Nowel: Bege Da Fansa A Wurin Kirista

Kowace shekara idan kaka ta ƙare, gero ya shiga rumbu, hunturu ya sauko da ƙurarsa da sanyinsa na asuba, masu lambu kuma suka duƙufa ga dashen albasa a Galmi, sai ma'aikaci ya duba kalandar ofis ya ga an yi wa ranar 25 ga watan Disamba alamar hutu. Yawancinmu mun san sunan wannan rana, wato Nowel, wadda maƙwabtanmu na Nijeriya ke kira Kirsimeti. Mun kuma san biki ne na tunawa da haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wanda Kirista ke kira Yesu Almasihu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kafin ranar akwai Lahadi huɗu da Kirista ke keɓewa don jira da shiri, kuma wanda bai fahimci jiran ba, da wuya ya fahimci bikin.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. Duk da ƙarancinsu tare muke zaune, a unguwa da kasuwa, a bariki da asibiti da makaranta. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, mu kuwa a ƙasar nan mun taɓa ganin ɓarnar da wannan duhu ke yi. Saboda haka, jama'a masu karatu, ya dace mu san abin da maƙwabci yake jira a kwanakin nan. Kalmomi biyu ne suka tattara shi, dukansu kuma Hausa ce tsantsa: bege da fansa.

Asalin kwanakin jira

Da Faransanci ana kiran wannan lokaci Avent, daga wata kalmar Latin, adventus, mai nufin zuwa ko isowa. A daular Rum da ita ake faɗin isowar sarki cikin gari. Lokacin yana somawa ran Lahadi ta huɗu kafin Nowel, wadda ke faɗawa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, saboda haka tsawonsa kan kama daga kwana 22 zuwa 28. A wurin Katolika da wasu ikilisiyoyi na yamma, wannan Lahadi ita ce farkon shekarar ibada.

Linjila ba ta faɗi ranar da aka haifi Almasihu ba. Shaida mafi tsufa ta yin bikin ran 25 ga Disamba daga birnin Rum take, a shekarar 336. Al'adar shiri kuwa daga baya ta tsiro, sannu a hankali. A shekarar 380 wani taron bishop-bishop a Saragosa ta Sifaniya ya umurci masu bi kada su ƙaurace wa majami'a daga 17 ga Disamba har kwana 21. A ƙarni na 5 bishop Perpetuus na birnin Tur a Faransa ya sa a riƙa azumi kwana uku a mako daga 11 ga Nuwamba har Nowel. A Rum aka taƙaita lokacin zuwa Lahadi huɗu wajen zamanin Paparoma Giregori Babba, wanda ya riƙe kujera daga 590 zuwa 604, amma har yau birnin Milan na Italiya mako shida yake yi. A gabas azumin ya fi tsanani. Kiristan Girka da Rasha kwana 40 suke yi, Kibɗawan Masar da Kiristan Habasha kuwa kwana 43, sa'an nan su yi bikinsu ran 7 ga Janairu.

Katolika sun raba kwanakin gida biyu. Daga farko har 16 ga Disamba ana mai da hankali ga komowar Almasihu a ƙarshen zamani da ranar shari'a. Daga 17 zuwa 24 kuwa ana bin labarin haihuwarsa: albishirin mala'ika Jibrilu, da cikin Maryamu, da tafiya zuwa Baitalami. Fada kan sa riga mai launin shunayya, alamar tuba da natsuwa, a kuma jingine babbar waƙar ɗaukaka wadda ake rerawa yawancin Lahadin shekara, sai daren Nowel a ɗauke ta da murya ɗaya.

Kyandir huɗu

Alamar da aka fi sani ta wannan lokaci ita ce kyandir huɗu da ake jerawa a kan zoben ganye. Ranar Lahadi ta farko a kunna ɗaya, ta biyu a kunna biyu, har ranar ta huɗu dukansu su kama. Asalinta daga gidan marayu ne. A shekarar 1839 wani fasto, Johann Wichern, yana riƙon yaran talakawa a birnin Hambug na Jamus. Yaran suka dame shi da tambayar yaushe Nowel za ta zo. Sai ya samo tsohuwar ƙafar keken doki, ya kakkafa mata ƙananan kyandir na ranakun aiki da manya huɗu na Lahadi, kullum a kunna ɗaya, yaro ya ƙidaya saura da idonsa. Daga baya aka bar manyan huɗu kaɗai. Darasin a fili yake: ba a kunna su duka rana ɗaya, hasken ƙaruwa yake yi da kaɗan-kaɗan, daidai lokacin da dare ya fi tsawo a shekara.

A ƙasarmu Kirista gida biyu ne manya. Mishan SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta bazu zuwa Tsibiri da Maraɗi da Dogon Dutsi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950 da gidan jinyar kuturta na Danja a 1956. Katolika kuwa sun kafa mishan ta farko a Yamai a 1931, Yamai ta sami bishop nata a 1961, Maraɗi kuma a 2001. Katolika su ne ke bin tsarin Lahadi huɗu filla-filla. Ikilisiyoyin bishara da suka fito daga SIM ba su cika ɗaure kansu da kalandar ibada ba, amma su ma watan Disamba watan shiri ne a wurinsu: zumuntar mata na koyon waƙoƙi da Hausa, yara na koyon wasan kwaikwayon haihuwa, masu wa'azi na komawa ga littattafan annabawa.

Bege

Bahaushe yana da kalmomi da dama na abin da bai zo hannu ba tukuna. Akwai fata, wato abin da mutum yake so ya auku ko da ba shi da tabbas. Akwai tsammani, wato lissafin abin da ya ga alamarsa. Akwai kuma bege, wanda ya fi su nauyi, don shi ne ƙishin zuciya ga wanda ake ƙauna alhali ba a tare da shi. Da wannan kalma Musulmi ke faɗin waƙoƙin begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, ita suka zaɓa don faɗin abin da Kirista ke riƙe da shi game da alkawarin Allah. Fassarar da ta biyo baya takan ce sa zuciya. Duka biyun suna nuna jira ne wanda aka ɗaura ga mai alkawari, kamar yadda matar ɗan ci-rani ke jiran mijinta don ta san halinsa na cika magana.

Wannan bege yana da tarihi. Wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu, sarkin Babila Nebukadnezzar ya rushe birnin Ƙudus da haikalinsa, ya kwashe manyan Bani Isra'ila zuwa bauta. Suka zauna a baƙuwar ƙasa kusan shekara 50, har Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539, ya ba su izinin komawa gida. Littafin annabi Ishaya, wanda aka fi karantawa a kwanakin jira, cike yake da maganar ta'aziyya ga mutanen da ke cikin wannan hali: za a share hanya cikin hamada, busasshiyar ƙasa za ta yi tsiro, wani sarki mai adalci zai fito daga zuriyar Dawuda. Sun komo gida, amma mulkin baƙi bai rabu da su ba, daga Farisawa sai Girkawa, daga Girkawa sai Rumawa. Jiran ya ɗauki ɗaruruwan shekaru. Kirista sun gaskata cikar alkawarin ita ce haihuwar Yesu, kuma cikarsa ta ƙarshe tana nan gaba idan ya komo. Don haka a kwanakin nan suna tuna jiran da ya wuce, suna kuma cikin wani jiran.

To, wane irin jira ne? Hausawa na yi wa malalaci ba'a da cewa tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Jiran da ake koyarwa a nan ya fi kama da binne. Manomin Arewa ko na Damargu kan fita tun sama ba ta yi gajimare ba, ya zuba irin gero cikin busasshiyar ƙasa, irin da zai iya ci da iyalinsa a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ba shi da iko a kan ruwa, amma ya yi nasa aikin, ya bar saura ga Mai sama. Wasiƙar Yakubu, wadda Katolika ke karantawa ran Lahadi ta uku ta jira sau ɗaya a shekara uku, da wannan misali na manomi mai haƙurin jiran ruwan fari da na ƙarshe take gargaɗi.

Aikin mai jira kuwa an fayyace shi a wa'azin Annabi Yahaya ɗan Zakariya, wanda Kirista ke kira Yahaya Mai Baftisma, kuma shi ne muryar da aka fi ji a Lahadi ta biyu da ta uku. Linjilar Luka ta ba da labarin mutane iri uku da suka je bakin kogin Urdun suna tambayarsa abin da za su yi. Ya umurci talakawa mai riga biyu ya ba marar riga ɗaya, mai abinci ma haka. Ya umurci masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka yanka. Ya umurci sojoji kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su wadatu da albashinsu. Bai ce wa ɗayansu ya bar aikinsa ba. Wannan magana ta kusan shekara 2000, duk ma'aikacin da ke riƙe da hatimi ko rasit ko bindigar hukuma zai ji ta kamar da shi ake yi, ko wane addini yake bi.

Fansa

Kalma ta biyu ta fi wuyar sha'ani, don fuska uku gare ta a bakinmu. A zamanin da, bawa kan yi murgu, wato ya yi sana'ar kansa yana biyan ubangidansa wani abu, har ya tara abin da zai fanshi kansa, ko kuwa danginsa su bi sawu su fanso shi. Haka ake fanso gonar da aka jinginar. Wannan ita ce fuska ta farko. Ta biyu ita ce wadda zamanin nan ya cusa mana a kunne, kuɗin fansa da masu satar mutane ke nema. Ta uku ita ce ɗaukar fansa, wato ramuwa.

Abin mamaki, harshen Ibraniyanci da aka rubuta Attaura da shi, shi ma kalma ɗaya ce ke ɗauke da fansa da ramuwa, wato go'el. Littafin Firistoci ya shar'anta cewa idan talauci ya sa mutum ya sayar da gonar gado, ko ya sayar da kansa ga baƙo, ɗan'uwansa mafi kusa shi ke da hakkin biya ya fanso shi. Labarin Rut da Bo'aza a kan wannan doka aka gina shi. Amma a Littafin Ƙidaya, wannan ɗan'uwa shi ne mai bin jinin wanda aka kashe, har aka keɓe birane shida inda wanda ya yi kisa bisa kuskure zai gudu ya fake. Ke nan mutum ɗaya ne, da hakki ɗaya na zumunci, zai iya zama mai ceto ko mai ramuwa.

Littafin Ishaya ya ɗauki wannan suna ya ba Allah, ya kira shi Mai Fansar mutanensa. Kirista kuwa suka ce ga ma'anar Nowel: ɗan Adam ya jinginar da kansa ga zunubi da mutuwa, ba shi da murgun da zai kai, kuma doka ta ce sai ɗan'uwa ke fansa. Saboda haka Mai Fansa ya zama dole a haife shi cikin dangi, ya ji yunwa da gajiya irin tasu, sa'an nan ya biya da ransa. A bangaskiyarsu jaririn da aka kwantar a komin dabbobi a Baitalami shi ne wanda aka gicciye a Ƙudus ya kuma tashi, don haka ba su raba Nowel da bikin tashinsa. Daga nan kuma suke fitar da hukunci a kan kansu: wanda aka yafe wa bashin da ba ya iya biya, ba shi da bakin shaƙe ɗan'uwansa a kan ƙaramin bashi. Wanda aka fansa ya ajiye ɗaukar fansa.

Inda aka haɗu da inda aka rabu

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata, kuma zaman tare ba ya buƙatar a ɓoye bambanci. Musulunci bai yarda da wannan fansa ba. Yana koyar da cewa Isa Annabi ne kuma bawan Allah, ba ɗa ba, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, kuma babu mai ɗaukar nauyin zunubin wani. A nan addinan biyu suka rabu, kowa kuma ya san matsayinsa.

Amma akwai wuraren haɗuwa. Sura ta 19 a Alƙur'ani mai girma sunan Maryamu take ɗauke da shi, ta fara da addu'ar Zakariya cikin tsufansa da albishirin Yahaya, sa'an nan haihuwar Isa ba tare da uba ba, kusan mutanen da ake ambata a majami'u a makon ƙarshe na jira. Musulmi da Kirista duka suna sauraron komowar Isa kafin tashin duniya, ko da yake bayaninsu ya sha bamban. Tarihi kuma ya adana cewa wajen shekarar 615, da tsanani ya yi yawa a Makka, wasu sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya karanta wa sarki Najjashi, wanda a lokacin Kirista ne, wani yanki na wannan sura, sarkin ya ƙi miƙa su ga jakadun Ƙuraishawa. A ƙasar Afirka ne, a inuwar sarkin Kirista, Musulmi ƴan tsiraru suka fara samun mafaka.

Ranar gwaji

Koyarwa ba ta nuna nauyinta sai ranar da aka ɗora ta a sikeli. Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da Asabar 17 ga wata a Yamai, mako uku kacal bayan Nowel, zanga-zangar fushi a kan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe ta zama tarzoma. Mutum 10 suka rasa rayukansu, hukuma ta ce majami'u 45 aka ƙone a Yamai kaɗai, ban da gidaje da makarantu da wuraren sana'a. A Damagaram ɗaruruwan Kirista suka fake a barikin soja. Waɗanda abin ya faɗa wa ba su zana kome ba, ba su buga kome ba, ƴan ƙasa ne kamar kowa. Shugabannin ikilisiyoyi, Katolika da na bishara, suka kira mabiyansu ga gafara, ba su kuma ɗauki fansa ba. Ya wajaba a tuna har ila yau cewa a cikin wutar nan akwai Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu. A shekarun da suka biyo baya aka sake gina majami'u da yawa.

Gwaji na biyu na mutum ɗaya ne. Daren 17 ga Satumba 2018 ƴan bindiga suka ɗauke Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, daga mishan ta Bomowanga a yankin Makalondi, ƙasar Gurmawa, suka ƙetara da shi har saharar Mali. Ya yi kwana 752 a hannunsu, sau da yawa da sarƙa a ƙafa, ya ga Nowel biyu, ta 2018 da ta 2019, ba majami'a, ba kyandir, ba labarin gida. Ya ƙulla wa kansa carbi da tsumma yana addu'a da shi. Aka sake shi ran 8 ga Oktoba 2020, tare da ɗan siyasar Mali Sumaila Sise da wasu mutum biyu. Bayan fitowarsa ya bayyana a bainar jama'a cewa ya yafe wa waɗanda suka tsare shi. A rayuwar wannan mutum fuskokin fansa uku suka haɗu, ya kuwa zaɓi wadda addininsa ya koya masa.

Abin da ya rage mana

A yau gidaje da yawa a Sahel suna cikin jira, na Musulmi da na Kirista. Akwai mai jiran ɗa da ke bakin daga, akwai mai jiran wanda aka sace, akwai ɗan gudun hijira mai jiran ranar komawa gonarsa. Ba sai mutum ya karɓi aƙidar maƙwabcinsa ba kafin ya gane cewa jira iri biyu ne. Akwai wanda ke cika zuciya da ƙulli, mai shi yana wasa wuƙa yana ƙidayar kwana. Akwai kuma irin na mai binne, wanda ke sa mutum ya raba riga, ya tsaya ga abin da aka yanka, ya wadatu da albashinsa, ya gyara tsakaninsa da ɗan'uwa tun kafin baƙon ya iso. Na biyun shi ne ƴan'uwanmu Kirista ke tuna wa kansu a Lahadi huɗu na ƙarshen shekara.

Saboda haka idan Disamba ta kama, kuka ji waƙa na tashi da maraice daga wata majami'a a Maraɗi ko Tawa ko Birnin Ƙwanni, kun san shirin da ake yi. Idan ranar ta zo maƙwabci ya aiko da kwanon abinci, kamar yadda shi ma ake aika masa da naman layya, a karɓa da hannu biyu, a yi masa barka. Allah ya komo da na nesa gida lafiya, ya kwance waɗanda ke ɗaure, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.